28 ga Agusta a Tarihi: Wace Tambaya ce Ta Cancanci Shiga Gasar Kacici-kacici?

Malama, kin ce an ɗora miki shirya gasar kacici-kacici da za a yi ranar 28 ga Agusta, kuma kina so tambayoyin su zama a kan abubuwan da suka faru a wannan rana a tarihin duniya. Kin kwaso jeri daga intanet ya yi miki yawa, kin rasa na ɗauka kin rasa na bari, ga kuma fargabar kada wata amsa ta jawo gardama a bainar jama'a. Fargabar nan taki a kan hanya take. Na daɗe ina koyar da tarihi ina tsara irin waɗannan tambayoyi, kuma abin da na gano shi ne kwanan wata shi kaɗai ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai an san takamaiman abin da aka yi a ranar, da kalandar da aka lissafa ta da ita.

Ni ma sai da na sha kaye kafin na gane haka. Wata shekara na yi tambaya: a wace shekara Birtaniya ta haramta bauta? A takardata na rubuta 1833. Yaron farko ya ce 1807, na ce ya faɗi. Wata yarinya daga ɗaya ɓangaren ta ce 1834, ita ma na kayar da ita. Ba ta zauna ba. Ta tsaya da littafinta a buɗe, yatsanta a kan layin, muryarta tana rawa, ta ce, "Malam, ga shi nan a rubuce." Na karɓa na duba, kuma ga shi nan ɗin. Ita tana da gaskiya, yaron ma yana da tasa, tambayata ce ba ta da ƙofa ɗaya. Har yau ina jin nauyin makin da na so in hana ta.

Ga yadda abin yake. A 1807 majalisar dokokin Birtaniya ta haramta cinikin bayi, wato saye da jigilarsu a jiragen ruwa, amma waɗanda ke hannun iyayengijinsu suka ci gaba da zama bayi. Dokar da ta soke bautar kanta ita ce Sarki William na Huɗu ya amince da ita ranar 28 ga Agusta, 1833, kuma wannan shi ne abin da ya shafi ranarki. Ba ta fara aiki ba sai 1 ga Agusta, 1834. Ko a lokacin ma yara 'yan ƙasa da shekara shida ne kawai suka sami 'yanci nan take. Yawancin sauran aka sauya musu suna zuwa "masu koyon sana'a", suka ci gaba da yi wa tsofaffin iyayengijinsu aiki ba lada, har 1838. Saboda haka in za ki yi tambayar, ki ce: wace doka ce sarkin Ingila ya amince da ita a rana irin ta yau a 1833? Nan babu wanda zai ɗaga miki littafi.

Akwai tambaya ta biyu a cikin wannan doka da nake so kowane ɗalibi ya ji amsarta ko da sau ɗaya. Gwamnati ta ware fam miliyan 20 na diyya, kuɗin da ya kai wajen kashi 40 cikin 100 na abin da take kashewa a shekara. Wa aka biya? Kusan kowa cewa yake bayin. Masu bayin aka biya, saboda a idon doka dukiyarsu ce aka karɓe. Mutum kusan 800,000 da dokar ta shafa, yawancinsu a tsibiran Karibiyan, ba a ba ko ɗaya daga cikinsu komai ba. Kuma kada tambayoyinki su nuna kamar tausayin 'yan majalisa ne kaɗai ya kawo dokar. William Wilberforce, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan fafutika, ya rasu 29 ga Yuli, 1833, wata guda kafin a amince da ita, kuma ya cancanci a ambace shi. Amma a ƙarshen 1831 bayin Jamaika sun yi gagarumin tawaye ƙarƙashin Samuel Sharpe, wanda aka rataye a 1832, kuma wannan tawaye na cikin abin da ya nuna wa Landan cewa abin ba zai ɗore ba.

Daga nan sai mu tsallaka Amurka, inda nauyin wannan rana ya fi yawa. A watan Agusta na 1955 wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14, Emmett Till, ya taso daga Shikago ya je hutu wurin danginsa a kusa da wani ƙaramin gari da ake kira Money a jihar Misisipi. Aka zarge shi da yi wa wata farar mace mai tsaron kanti fito. Cikin daren 28 ga Agusta, kafin gari ya waye, mijin matar, Roy Bryant, da ɗan'uwansa J. W. Milam suka je gidan da yake kwana suka tafi da shi. Bayan kwana uku aka tsamo gawarsa daga kogin Tallahatchie, an ɗaura masa fankar injin gurzar auduga a wuya da waya mai ƙaya. Mahaifiyarsa, Mamie, ta ce ba za a rufe akwatin gawar ba, sai duniya ta ga abin da aka yi wa ɗanta. Dubban mutane suka bi layi suka gani, mujallar Jet ta buga hoton.

A wurin shari'a, dattijo Mose Wright, wanda a gidansa aka ɗauke yaron, ya miƙe tsaye a gaban kotu ya nuna mutanen da yatsa. A Misisipi ta wancan zamani, baƙar fata ya nuna farar fata a kotu daidai yake da sayar da rai, kuma bayan shari'ar sai da ya bar jihar. Mutum 12 da aka zaɓa su yanke hukunci, dukkansu farare, sun yi minti 67 kacal suka wanke su. A farkon 1956 mutanen biyu suka amsa laifin a wata hira da mujallar Look, aka kuma biya su, suna sane da cewa doka ba ta yarda a sake gurfanar da su a kan laifi ɗaya ba. Shawarata a nan, kada ki mai da wannan labari tambayar gaggawa da ake danna ƙararrawa. Ki karanta shi a taƙaice, a yi shiru, sannan ki tambayi sunan jihar ko shekarar. Ki kuma tuna musu cewa wata uku da 'yan kwanaki bayan kisan, 1 ga Disamba, wata baƙar fata mai suna Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerarta ta bar wa farar fata a cikin bas a birnin Montgomery.

Shekara takwas cif bayan kisan Till, 28 ga Agusta, 1963, mutum kusan 250,000 suka taru a Washinton a gaban ginin tunawa da Abraham Lincoln. Wannan ne kowa ya sani, saboda jawabin mafarki na Martin Luther King, kuma tambayar "wa ya yi jawabin?" ta yi sauƙi, ki bar ta ga zagayen farko. Akwai waɗanda suka fi ta amfani. Cikakken sunan gangamin ya ambaci abu biyu, aikin yi da 'yanci, kuma aikin yi ne ya zo farko. Mutane sukan manta cewa masu gangamin sun nemi ƙarin mafi ƙarancin albashi da daina wariya wajen ɗaukar ma'aikata. Jagoransa shi ne A. Philip Randolph, dattijon shugaban ƙungiyar ƙwadago, wanda ya tsara tafiyar kuma Bayard Rustin, ya haɗa komai cikin kimanin wata biyu. Mafi ƙarancin shekaru a cikin manyan masu jawabi shi ne John Lewis, yana ɗan 23. King kansa shekararsa 34, jawabinsa bai wuce minti 17 ba, kuma ɓangaren mafarkin ba ya cikin rubutun da ya hau mumbari da shi. Ya taɓa faɗin irinsa a Detroit a watan Yuni, sai a ranar ya ɗaga kai daga takarda ya dawo da shi. Bayan kwana 18 aka dasa bam a wani coci a Birmingham ta jihar Alabama, 'yan mata huɗu suka mutu. Dokar kare haƙƙin jama'a ta zo a 1964, ta 'yancin zaɓe a 1965.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wani tarko da za ki samu a tsofaffin jerin tambayoyi. Da yammacin 28 ga Agusta, 1957, Sanata Strom Thurmond ya miƙe a majalisar dattawan Amurka ya soma magana don ya hana a zartar da wata dokar kare haƙƙin baƙaƙe. Bai zauna ba sai bayan awa 24 da minti 18, dokar kuma ta wuce duk da haka. Shekara da shekaru amsar "wane ne ya yi jawabi mafi tsawo a majalisar?" ita ce Thurmond. A 2025 Sanata Cory Booker, baƙar fata, ya yi awa 25 da minti 5. Duk tambayar da ke ɗauke da "mafi tsawo" ko "mafi girma" ko "na ƙarshe", ki sake bincikarta kafin ranar gasa, domin irinsu tsufa suke yi. Haka nan Barack Obama: ranar 27 ga Agusta, 2008, jam'iyyarsa ta tsayar da shi, ranar 28 kuma ya yi jawabin karɓar takarar a filin wasa na Denver, shekara 45 daidai bayan jawabin King. Kalmar aikin da kika sa a tambayar, "tsayar" ko "karɓa", ita ke raba amsa.

Waɗannan shekaru, 1833 da 1955 da 1957 da 1963 da 2008, sun isa zagaye guda mai ma'ana, yaro ya tashi da labari ɗaya a kansa maimakon tarkacen lambobi. Sai dai ki kula kada ki ce musu ranar tana da wani sirri. Kwanakin shekara 365 ne, abubuwan da aka rubuta a tarihi kuwa ba su ƙirguwa, don haka kowace rana cike take. Mu ne muke zaɓa mu jera.

Yanzu maganar kalanda, inda aka fi zamewa. Za ki ga wasu sun sa haihuwar marubucin Rasha Leo Tolstoy a 28 ga Agusta, 1828, wasu kuma 9 ga Satumba. Duka biyun rana ɗaya ce. Tsohuwar kalandar Julius Kaisar ta ɗauki shekara a matsayin kwana 365 da rubu'i, wanda ya zarce shekarar rana da kimanin minti 11. Abin kamar ba komai, amma duk shekara 128 yakan tara kwana guda. A 1582 Paparoma Gregory na 13 ya gyara, aka kwana 4 ga Oktoba aka tashi 15 ga Oktoba. Ingila ba ta bi ba sai 1752, inda 14 ga Satumba ta biyo bayan 2 ga Satumba. Rasha kuwa sai 1918. A ƙarni na 19 tazarar ta kai kwana 12, shi ya sa 28 ga Agustan Rasha ta zama 9 ga Satumba a yawancin ƙasashen Turai. Wannan dalilin ne ya sa juyin juya halin Rasha da ake kira na Oktoba yake faɗowa 7 ga Nuwamba. In kina son haihuwar marubuci wadda babu ja a kanta, ɗauki Goethe na Jamus, Frankfurt, 28 ga Agusta, 1749. Tolstoy kuwa ki mai da tarkon kansa tambaya: me ya sa yake da ranar haihuwa biyu?

Wani abin da ya fi wannan buƙatar taka-tsantsan: wasu jerin suna sa rasuwar Nana Faɗima, Allah Ya ƙara mata yarda, a 28 ga Agusta, 632. Wannan lissafi ya fito ne daga juya 3 ga Jimada Sani, shekara ta 11 bayan Hijira, zuwa kalandar Miladiyya, bisa ɗaya daga cikin ruwayoyi. Ruwayar da ke cikin Bukhari kuwa ta ce ta rayu wata shida bayan wafatin Annabi (SAW), wanda ya kai mu wajen ƙarshen shekarar 632. Ga kuma cewa shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka ranar tunawa ba ta tsayawa a Agusta ko kusa. Ni ban taɓa sa wannan a gasa ba, kuma ba na ba ki shawara ki sa. Abin da malamai suka saɓa a kansa ba a yanke shi da maki biyu.

Wanda ya tabbata daga tsohon zamani shi ne rasuwar Augustine, babban malamin Kirista, 28 ga Agusta, 430, a garin Hippo, lokacin da mayaƙan Vandal suka yi wa garin ƙawanya. Ki tambayi ƙasar da Hippo take a yau. Yawanci za su ce Italiya ko Girka, alhali Aljeriya ce, birnin Annaba, kuma shi kansa haifaffen wannan yanki ne na Afirka ta Arewa. Wannan tana da 'yar'uwa: ranar 28 ga Agusta, 1565, jiragen ruwan Sifaniya ƙarƙashin Pedro Menéndez suka hango gaɓar Florida, da yake ranar tunawa da Augustine ce sai suka raɗa wa garin da suka kafa sunansa. Hangowa aka yi a ranar, kafa garin sai 8 ga Satumba.

Kada ki bar Cetshwayo, sarkin Zulu a kudancin Afirka. A 22 ga Janairu, 1879, dakarunsa, yawancinsu da masu da garkuwa, suka murƙushe rundunar Birtaniya a Isandlwana. Turawan suka dawo da ƙarin ƙarfi suka ƙone fadarsa ta Ulundi ranar 4 ga Yuli, suka yi ta farautarsa har suka kama shi a dajin Ngome ranar 28 ga Agusta, aka kai shi tsare a Cape Town. A 1882 ya je Ingila ya gana da Sarauniya Victoria yana neman a mai da shi kan karagarsa. An mai da shi, amma kan wani yanki kawai na ƙasar da aka riga aka yayyanka, ya rasu a 1884.

Akwai kuma Fadar Zaman Lafiya da ke birnin Hague a Holan, wadda attajiri Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan ɗaya da rabi aka gina, aka buɗe ta 28 ga Agusta, 1913. Ba a cika shekara ba Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, kuma ranar da ginin ya cika shekara guda, jiragen yaƙin Birtaniya da Jamus suna gwabzawa a teku kusa da tsibirin Heligoland. Kotun Duniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai shari'a tsakanin ƙasashe, a wannan gini take zama. Kotun hukunta manyan laifuka, mai gurfanar da ɗaiɗaikun mutane, tana birnin amma a wani gini dabam, kuma hatta manya sukan haɗa su.

Gasa tana son inda za a numfasa, don haka ki sa masu sauƙi a tsakani. A 1937 aka kafa kamfanin motoci na Toyota a wannan rana, kuma ya fito ne daga kamfanin iyalin Toyoda mai ƙera injin saƙa, tambayar "me suke ƙerawa kafin mota?" takan tayar da zaure. A 1898 wani mai kantin magani a Karolina ta Arewa, Caleb Bradham, ya sauya wa abin shan da yake haɗawa suna zuwa Pepsi-Cola. A 1996 aka kammala rabuwar auren Yarima Charles da Diana. A 1789 kuma William Herschel, wanda ya gano duniyar Uranus a 1781, ya leƙa ta sabon madubinsa na hangen taurari ya ga wani ɗan wata yana kewaya duniyar Zuhal. Shi ne Enceladus, faɗinsa kimanin kilomita 500 ne kawai. Fiye da shekara 200 ba a san komai sosai a kansa ba, sai a 2005 kumbon Cassini ya ɗauko hoton ruwa yana feshi daga tsagogin ƙanƙara a kudancinsa, abin da ya kai masana ga gano teku a ƙarƙashin ƙanƙarar.

In aka yi kunnen doki, ga tambayar da nake ajiyewa don raba gardama. Ana tsakiyar gangamin Washinton, Roy Wilkins, ɗaya daga cikin jagororin gangamin, ya sanar wa taron daga kan mumbari cewa wani dattijon masani, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa babbar ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka a 1909, ya rasu jiya yana da shekara 95. Wane ne shi, kuma a wane birni ya rasu? W. E. B. Du Bois ne, a Akara ta ƙasar Gana, inda ya koma da zama a 1961 bisa gayyatar Kwame Nkrumah. Ki lura dai, 27 ga wata ya rasu, sanarwar ce aka yi ranar 28, kuma haka za ki rubuta a takardar amsarki.